Ziyarar Ise Jingu: Wurin Ibadar Shinto da Ake Rushewa a Sake Ginawa Duk Shekara 20

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun mai ziyara zuwa Ise Jingu, wurin ibada mafi daraja a addinin Shinto na ƙasar Japan, tun daga bakin gada har gaban labulen da ba a wucewa. Ta duba ladubban shiga, da fasalin gini, da hidimar abinci ta kullum, da al'adar sake gina wurin duk shekara 20, wadda aka faro a shekarar 690. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, daɗewar Ise ta rataya ne a wuyan mutanen da suka riƙa karɓar nauyin aikin daga zamani zuwa zamani: fada, da mata 'yan zuhudu, da talakawa matafiya, da masu sana'ar hannu. Duk lokacin da masu ɗaukar nauyin suka sauya, matsayin wurin a idon jama'a ma yakan sauya.

1.0 Gabatarwa

Birnin Ise yana cikin lardin Mie, a gefen tekun Pasifik na babban tsibirin Honshu. Daga Nagoya tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Garin bai kai manyan biranen Japan ko kusa ba, amma ƙididdigar masu shiga manyan harabobinsa biyu takan kai wajen miliyan 8 a shekara. A 2013 ta haura miliyan 14.

Shinto shi ne addinin gargajiyar Japan. Ba a jingina shi ga wani mutum da ya kafa shi, kuma ba shi da littafi guda da ake komawa gare shi domin hukunci. Mabiyansa suna girmama ababen bauta da suke kira kami, waɗanda suke dangantawa da rana, da duwatsu, da koguna, da shinkafa, da magabata. Wuraren ibadarsa sun kai kimanin 80,000, kuma Ise ne ake ɗauka a matsayin uwarsu duka.

Baƙon da ya ji wannan suna zai zaci zai tarar da gini mai shekara dubu. Abin da zai gani kuwa katako ne da aka sassaƙa domin bikin sake ginin na 2013, kuma an riga an tsayar da shekarar da za a sauke shi. Wannan bai samo asali daga rashin iya gini mai ƙarko ba. Haikalin Buddha na Horyuji da ke lardin Nara, wanda aka gina a kusan lokacin da aka fara wannan al'ada, yana nan tsaye da katakonsa fiye da shekara 1,300. Magina na wancan zamani sun san hanyar da gini zai daɗe, amma a Ise suka zaɓi wata hanya dabam. Maƙalar za ta duba abin da wannan zaɓi ya jawo.

2.0 Asali da Tsarin Wurin

Ise Jingu tarin wuraren ibada ne guda 125, manya da ƙanana, warwatse a birnin da kewayensa. Biyu ne ke kan gaba. Naiku, wato harabar ciki, ta Amaterasu ce, kami ta rana, wadda gidan sarautar Japan ke ɗauka a matsayin kakarsa ta farko. Geku, harabar waje, ta Toyouke ce, kami ta abinci da noma da sana'o'i. Tsakaninsu akwai tazarar kimanin kilomita 6.

Littafin Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720, ya ba da labarin Gimbiya Yamatohime, 'yar Sarki Suinin, wadda ta yi ta yawo daga lardi zuwa lardi tana neman mazaunin da ya dace da Amaterasu, har ta yada zango a bakin kogin Isuzu. Bisa lissafin gargajiya hakan ya faru shekara 2,000 da suka wuce, aka kuma kawo Toyouke bayan wajen shekara 500 domin ta kula da abincin Amaterasu. Masana tarihi na zamani suna ganin Ise ya sami matsayin wurin ibadar fada ne a ƙarshen ƙarni na 7, zamanin Sarki Tenmu da matarsa Sarauniya Jito, lokacin da gidan sarauta ke ƙoƙarin haɗa ƙasar a ƙarƙashin mulki ɗaya.

A cikin babban ɗakin Naiku ake ajiye madubin Yata no Kagami, ɗaya daga cikin kayan sarautar Japan guda uku. Sauran biyun, takobi yana wurin ibadar Atsuta a Nagoya, dutsen ado kuma yana fadar sarki a Tokyo. Ba a nuna madubin ga kowa.

3.0 Ladubban Ziyara

Al'ada ta tanadi a fara da Geku kafin Naiku, kamar yadda limaman wurin da kansu ke yi a bukukuwansu. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 5 na asuba, kuma ba a karɓar kuɗin shiga.

Mai zuwa Naiku yakan fara da gadar Uji, gadar katako mai tsawon mita 100 da ɗoriya a kan kogin Isuzu. A kowane bakinta akwai ƙofar torii, ginshiƙai biyu da sanduna biyu a gicciye a sama, ba fenti ba ado. Mutum yakan tsaya ya rusuna kafin ya wuce ta ƙarƙashinta. A Naiku ana bin hannun dama, a Geku hannun hagu, tsakiyar hanya kuwa ana barin ta ga kami. Da an sauka daga gadar sai ƙafa ta faɗa kan tsakuwa, kuma ƙarar tsakuwar ce za ta raka mutum har ƙarshen tafiya, a ƙarƙashin dogayen itatuwan sugi masu ɗaruruwan shekaru.

Kafin a ƙarasa dole a yi tsarki. A rumfar ruwa mutum zai ɗauki ludayi da hannun dama ya ɗebo ruwa sau ɗaya tak. Zai wanke hannun hagu, ya sauya ya wanke na dama, ya zuba ruwa a tafin hagu ya kurkure baki ba tare da ludayin ya taɓa leɓensa ba, ya sake ɗauraye hagun, sannan ya miƙar da ludayin tsaye domin ragowar ruwan ya gangaro ya wanke mariƙin. A Naiku da yawa sukan gangara matakalar dutse zuwa bakin Isuzu su tsoma hannu a kogin kansa, kamar yadda matafiyan da suke yi.

Daga nan hanya takan kai ga wata matakalar dutse mai faɗi. A gindinta ake ajiye kyamara, domin ba a ɗaukar hoto a sama. Wanda ya hau zai tarar da ƙofa mai rufin ciyawa da farin labulen siliki a rataye. Iyakar mai ziyara ke nan. Zai rusuna sau biyu, ya tafa hannu sau biyu, ya yi addu'arsa a zuci, ya sake rusunawa sau ɗaya. Bayan labulen akwai shingayen katako a jere, ɗaya cikin ɗaya, kuma abin da ido ke iya hangowa daga babban ɗakin bai wuce ƙoƙuwar jinkarsa ba. Idan iska ta ɗaga labulen, jama'a sukan miƙa wuya su leƙa tsakuwar da ke ciki.

Abubuwa biyu da aka saba gani a sauran wuraren ibadar Shinto babu su a nan. Ba a sayar da 'yan takardun duba sa'a. Babu kuma akwatin jefa kuɗi na dindindin a gaban babban ɗakin, sai farin ƙyalle da ake shimfiɗawa, saboda tsohuwar doka ta keɓe wa sarki kaɗai ikon miƙa baiko a wurin. Don haka masu ziyara da yawa sukan yi godiya kawai a nan, su kai buƙatunsu na kansu wani ƙaramin ɗaki da ke kusa, Aramatsuri no Miya.

Kafin mai ziyara ya juya, zai lura da wani fili daidai girman harabar, a manne da ita, shimfiɗe da tsakuwa, babu komai a cikinsa sai wata 'yar bukkar katako a tsakiya. A nan tsohon ginin ya tsaya, kuma a nan na gaba zai tsaya.

4.0 Abincin Safe da na Yamma

Ana gudanar da hidimomi wajen 1,500 a Ise kowace shekara, kuma mafi yawansu a kan abinci suke. Wadda ta fi kowacce yawan maimaituwa ita ce ta Geku, inda ake miƙa wa kami abinci sau biyu a rana, safe da yamma. Bisa lissafin wurin, an shekara kusan 1,500 ana yin haka.

Limaman da ke da aiki sukan kwana a ɗakin keɓewa. Da asuba sai su kunna wuta ta hanyar murza sanda a kan allon katako har hayaƙi ya tashi, domin ba a yarda a ɗebo wuta daga wani wuri ba. Ruwa kuma daga wata rijiya ta musamman da ke cikin dajin Geku ake jawo shi. Abincin ya ƙunshi dafaffiyar shinkafa, da kifi, da ganyen teku, da kayan lambu, da 'ya'yan itace, da gishiri, da ruwa, da giyar shinkafa.

Kusan duk waɗannan Ise ne ke samar wa kansa. Yana da gonar shinkafa a Kusube. Yana da wurin dafa gishiri a Futami, inda ake tara ruwan gishiri a tsakiyar bazara, a dafa shi a manyan tukwane, daga baya a gasa shi ya dunƙule. Kwanukan yumɓu marasa sheƙi a garin Meiwa ake gina su, kuma sau ɗaya ake amfani da kowanne kafin a mayar da shi ƙasa. Mata masu nutso na ƙauyen Kuzaki, kusa da Toba, su ke kamo dodon-koɗin teku mai suna awabi, dattawan garin su fere shi siriri su shanya. A Matsusaka ake saƙa yadin da ake miƙawa a watannin Mayu da Oktoba. Babban bikin shekara shi ne Kanname, a tsakiyar Oktoba, lokacin da ake gabatar da sabuwar shinkafa, har da damin da Sarkin Japan ya noma da hannunsa a gonar fada.

Wanda ya dubi wannan jeri zai ga kowace hidima tana riƙe da wata sana'a. Idan babu mai dafa gishiri irin na da, hidimar safe ba za ta cika ba, saboda haka dole a ci gaba da horar da shi.

5.0 Shikinen Sengu: Sake Gini Duk Shekara 20

Babban ɗakin Ise fasalin rumbun shinkafa na zamanin da gare shi. Daɓensa a ɗage yake daga ƙasa. An yi shi da katakon hinoki tsurarsa, aka yi masa jinka da ciyawar kaya, ginshiƙansa kuma a cikin ƙasa ake kafa su kai tsaye, ba a kan dutse ba. A saman jinkar akwai gajerun gungume a jere, 10 a Naiku, 9 a Geku. Gini irin wannan, a ƙasa mai yawan ruwan sama da laima, ba ya jure zamani mai tsawo.

Sarki Tenmu ne ya tsara a riƙa sabunta shi, aka yi na farko a Naiku a 690, zamanin Sarauniya Jito. Kundin dokokin Engishiki na 927 ya ambaci wa'adin shekara 20. Masana sun kawo dalilai dabam-dabam na wannan adadi. Wasu sun ce iyakar ƙarkon jinka da ginshiƙi ke nan. Wasu sun danganta shi da wa'adin ajiyar busasshiyar shinkafar haraji da ake biyan aikin da ita. Bayanin da ya fi yaɗuwa a yau shi ne na koyon sana'a: saurayi ya shiga aikin farko yana ɗan koyo, ya yi na biyu yana gwani, ya ja ragamar na uku yana dattijo. Da tazarar ta kai shekara 50, da wuya a sami wanda ya ga na baya da idonsa kuma yake da sauran ƙarfin riƙe gizago.

Zagaye na 62, wanda ya kammala a 2013, ya ɗauki shekara 8 da hidimomi sama da 30. An sake gine-gine 65. An sari itatuwan hinoki wajen 10,000, akasarinsu daga tsaunukan Kiso a lardunan Nagano da Gifu, an kuma tara damin ciyawa fiye da 20,000. Kuɗin aikin ya kai kimanin yen biliyan 55.

Ba gini kaɗai ake sabuntawa ba. Akwai kayan ado da tufafi da makamai iri 714, guda 1,576, waɗanda maƙera da masaƙa da masu aikin fenti ke sake ƙerawa daidai da na da. Ɗaya daga cikin takubban ana naɗe ƙotarsa da gashin tsuntsun toki guda biyu. Tsuntsun ya ƙare a dajin Japan a 1981, lokacin da aka kama biyar na ƙarshe a tsibirin Sado domin a kiwata su, kuma sai a 2008 aka fara sakin irinsa a daji. A tsakanin nan, samun gashi biyu kacal ya zama babban aiki ga masu shirya bikin.

Mutanen gari suna da rabonsu. A 2006 da 2007 unguwannin Ise suka fito da dogayen igiyoyi suka jawo gungumen itatuwa, na Naiku ta cikin ruwan Isuzu, na Geku a kan amalanke ta titi, ana waƙa ana kirari. A bazarar 2013 kuma aka yi jigilar fararen duwatsu da aka tsinto daga kogin Miya. Kowane mutum yakan naɗe dutse ɗaya a farin ƙyalle, ya shige cikin shingayen sabon ginin ya ajiye shi a harabar. Sau ɗaya ke nan cikin shekara 20 da talaka ke tsayawa dab da babban ɗakin.

Ranar 2 ga Oktoba 2013, da ƙarfe 8 na dare, aka kashe fitilun Naiku. Wani limami ya kwaikwayi carar zakara sau uku, sannan ayarin limamai ya fito da madubin a cikin zagayen farin siliki, ya nufi sabon ɗaki. Baƙin da aka gayyata suna zaune cikin duhu. Bayan kwana uku aka yi na Geku.

Tsohon katakon ba ya tafiya a banza. Manyan ginshiƙan da suka tallafi jinkar ɗakunan biyu ana sake fere su su zama ƙofofin torii na gadar Uji. Bayan wata shekara 20 sai a kai ɗaya Kuwana, ɗaya Seki, tsofaffin mashigan hanyar Ise, su ƙara wasu 20. Sauran katakon ana rarraba wa wuraren ibada a faɗin ƙasar, har da waɗanda girgizar ƙasa ta rushe.

6.0 Waɗanda Suka Riƙe Ise Bayan Fada ta Gaza

Sau da yawa akan ba da labarin Ise kamar zare ne da bai taɓa tsinkewa ba. Tarihi ya nuna ya tsinke. A farko fada ce ke biyan komai, har takan tura gimbiya marar aure ta zauna a Saiku, kusa da Ise, a madadin sarki. Wannan tsari ya shekara wajen 660 kafin ya mutu a ƙarni na 14. Da yaƙe-yaƙen basasa suka game ƙasar, sabunta ginin ma ya tsaya. Geku ya zauna daga 1434 zuwa 1563 ba a sake shi ba, Naiku kuma daga 1462 zuwa 1585.

Waɗanda suka tayar da aikin mata ne 'yan zuhudu na addinin Buddha, daga gidan Keikoin, duk da cewa dokar Ise ta hana masu shigar Buddha kusantar babban ɗakin. Seijun ta zaga larduna tana neman gudummawa har aka sake gadar Uji a 1549, aka kuma sabunta Geku a 1563. Magajiyarta Shuyo ta ci gaba, ta sami tallafin jagororin yaƙi Oda Nobunaga da Toyotomi Hideyoshi, aka sabunta harabobin biyu a 1585.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, gwamnatin shogun, wato jagoran mulkin soja, ce ke biyan kuɗin gini, amma talakawa ne suka cika garin. Wasu ƙananan limamai da ake kira onshi sun raba ƙasar a tsakaninsu, kowa da yankinsa. Wakilansu kan bi ƙauyuka kowace shekara suna raba layun Ise da kalandar noma, suna karɓar baiko. Ƙauyawa kuma suka kafa ƙungiyoyi masu tsarin adashi: kowa ya zuba, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tafi Ise a madadin saura. Daga Edo, wato Tokyo ta yau, tafiyar kimanin kwana 15 ce a ƙafa. Idan manomi ya iso, onshi zai sauke shi a gidansa, ya shimfiɗa masa bargon siliki, ya ciyar da shi abincin da bai taɓa gani ba, ya shirya masa rawar ibada. A wancan lokaci Geku, gidan kami ta abinci, ya fi Naiku jan manoma.

Lokaci-lokaci kuma abin yakan zama ambaliya. A 1705 an ƙiyasta mutum miliyan 3.6 sun nufi Ise cikin kwana 50. A 1771 aka sake, a 1830 kuma adadin ya wuce miliyan 4, alhali jama'ar ƙasar duka ba su fi miliyan 30 da 'yan kai ba. Barori da yara da matan aure sukan sulale ba da izinin kowa ba, ba guzuri, sai ludayi a hannu, alamar da ke sa mutanen hanya su ba su abinci da takalmin ciyawa da wurin kwana. Wanda ya dawo da layar Ise ba a cika hukunta shi ba. Har karnuka an riƙa turawa a madadin masu su, da kuɗin hanya ɗaure a wuya, matafiya suna miƙa su daga zango zuwa zango.

Gurbin wannan zamani yana nan a titin Oharai-machi da ke kaiwa gadar Uji, mai tsawon kimanin mita 800. Shagon Akafuku, wanda ke sayar da curin shinkafa mai lulluɓin jan wake da sukari, tun 1707 yake ciyar da matafiya.

7.0 Hannun Gwamnati

Juyin Meiji na 1868 ya sauya komai. Sabuwar gwamnati ta raba Shinto da addinin Buddha, ta ɗora Ise a ƙololuwar tsarin ibadar ƙasa. A 1869 Sarki Meiji ya zo da kansa, abin da sarakunan da suka gabace shi ba su saba yi ba. A 1871 aka soke aikin onshi, aka kuma karɓe limanci daga gidajen Arakida da Watarai da suka gaje shi kaka da kakanni. Gidajen jama'a da ke tsallaken gadar Uji aka tashe su aka mai da wurin lambu. Natsuwar da baƙo ke ji a yau a wannan fili, wadda yake ɗauka ta fil azal ce, aikin ƙarshen ƙarni na 19 ce. Ise ya tashi daga wurin biki da cinikin manoma ya koma alamar sarki da ƙasa, kuma a haka aka yi amfani da shi har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar 15 ga Disamba 1945 hukumar mamaya ƙarƙashin Amurka ta ba da umarnin raba Shinto da gwamnati, tsarin mulkin 1947 kuma ya tabbatar da haka. Ise ya zama ƙungiyar addini mai cin gashin kanta. Sabuntawar da aka shirya yi a 1949 ta gagara, gadar Uji kaɗai aka iya sakewa a shekarar, sauran aikin sai 1953 da kuɗin gudummawar jama'a. Shi ya sa har yau ake riga sabunta gadar da shekara 4. Tun daga lokacin, aljihun wurin da na masu ba da gudummawa ne ke ɗaukar aikin.

Duk da haka alaƙa da masu mulki ba ta yanke ba. Babbar limamiyar wurin tun 2017 ita ce Sayako Kuroda, 'yar tsohon Sarki Akihito. Firaministoci sukan kai ziyara a farkon Janairu. Shinzo Abe ya halarci bikin daren 2013, abin da wani firaminista bai yi ba tun 1929, kuma masu kare rabuwar addini da gwamnati sun soki hakan. A watan Mayun 2016 ya karɓi shugabannin ƙasashen G7 a bakin gadar Uji. John Breen da Mark Teeuwen, a littafinsu na 2017 kan tarihin zamantakewar Ise, sun bi diddigin irin waɗannan sauye-sauye, suka nuna yadda kowane zamani ya ba wurin ma'anar da ta dace da buƙatarsa.

8.0 Ise da Muhawarar Adana Kayan Tarihi

Masana gine-gine na ƙarni na 20 sun ga wani abu dabam a Ise. Bruno Taut, Bajamushen da ya zauna a Japan daga 1933 zuwa 1936, ya jera shi da Parthenon na Girka. Hotunan da Yoshio Watanabe ya ɗauka a 1953, da littafin Kenzo Tange da Noboru Kawazoe da ya fito da Turanci a 1965, su suka gabatar wa duniya fasalinsa.

Sai dai Ise ya zame wa masu adana kayan tarihi ƙashin kifi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta ɗora darajar gini a kan ainihin kayan da aka yi shi da su. Da wannan ma'auni Horyuji ya cancanta, ya kuma shiga jerin UNESCO a 1993. Ise ba ya cikin jerin. Takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'aunin, ta ce a riƙa duba fasali, da amfani, da dabarun aiki, da al'adar mutanen wurin. Wannan ya buɗe ƙofa ga duk al'ummar da ke gini da kayan da ke buƙatar sabuntawa a kai a kai, katako ne ko ciyawa ko ƙasa. A Ise, abin da ya kai shekara 1,300 shi ne awon ginin, da jerin hidimomin, da ilimin da ke hannun kafinta, kuma waɗannan ba sa zama sai ana aiki da su.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ziyarar Ise, daga ludayin tsarki zuwa farin labule, ƙofa ce ta shiga wani babban tsari na noma da sana'a da kuɗi da siyasa. Tsarin ya tsaya fiye da shekara 120 da fada ta talauce, ya jinkirta shekara 4 bayan yaƙi, kuma kowane karo wasu sababbin mutane ne suka tallabe shi.

Zagaye na 63 ya riga ya kankama. An yi hidimomin buɗe shi a watan Mayun 2025, aka sari itatuwan farko a Kiso a watan Yuni. An tsara jan gungume a 2026 da 2027, sabuwar gada a 2029, ƙaura kuma a 2033. Ƙalubalen da ke gaba a bayyane suke: jama'ar Japan na raguwa kuma suna tsufa, ƙauyukan da ke ba da masu jinka da masu nutso suna rasa matasa, manyan itatuwan hinoki kuma sun yi ƙaranci a Kiso. Kan batun itace, masu kula da wurin sun yi shiri tun ran gini tun ran zane. A 1923 suka fara dashen hinoki a dajin Ise mai faɗin hekta 5,500, da wa'adin shekara 200. A 2013 aka yi amfani da wani kaso na katakon wannan daji, karo na farko cikin kusan shekara 700. Itatuwan da za su isa zama manyan ginshiƙai sai bayan 2120 za a sare su. Binciken da ya kamata ya biyo bayan wannan maƙala shi ne na ɓangaren mutane: yadda ake ɗaukar 'yan koyo, da yadda ake riƙe su tsakanin zagaye da zagaye, da kuma inda gudummawar 2033 za ta fito.